Zobban da Suka Juya Ja

Asabar, bayan La'asar

Malam Nu'uman ya zo rumfarmu yau da zobensa a tafin hannu, ba a yatsa ba. Shi ne mai karantar da manya a zauren nan na bayan Kusugu, mutum ne da ba a jin muryarsa daga nesa. Ya yi sallama, suka gaisa da Baffa Maliki kamar yadda suka saba, ya tambayi Inna matar Baffa, ya tambayi zafi, sannan ya ajiye zoben a kan uwar maƙera.

Zoben ya yi ja. Ba irin jan garwashi ba, wani ruwan hoda ne kamar cikin kankanar da ba ta gama nuna ba. Ni na zuba shi da hannuna, ni na goge shi, kuma fari tas ya bar rumfar nan.

Malam ya ce, "Maliki, ruwan azurfa ka ce ka yi mini. Ga shi ɗalibai sun fara tambayata ko an halatta wa maza zinariya ne su ba su ji ba."

Da murmushi ya faɗa, amma na ga bai ji daɗi ba. Baffa ya miƙa hannu ya shafa gefen uwar maƙera kafin ya kai ga zoben. Ya jujjuya shi, ya kai shi dab da fuska, ya ce, "Datti ne, Malam. Bar shi, yaro zai wanke maka."

Yaron ni ne. Gemuna ya fito tuntuni, amma a bakin Baffa yaro nake tun ranar da ya ɗauko ni daga Mashi bayan rasuwar ƙanensa, mahaifina.

Na wanke da tsamiya, na wanke da lemon tsami, na sa toka. Jan yana nan.

Lahadi, da hantsi

An dawo da wasu guda biyu. Masu su ba su zauna ba, a tsaye suka yi magana.

Tun da aka fara shari'a aikin zobe ya fi komai tafiya a rumfar nan. Maza sun cire na zinariya, kowa na azurfa yake so, to ba kowa ke da ƙarfin azurfa zalla ba. Sai mu zuba na tagulla mu yi masa ruwan azurfa, kuma ba ma ɓoyewa, mai saye ya san abin da ya saya. Alkawarinmu ɗaya ne, ruwan da ke sama azurfa ce tsantsa.

Bokitin roba ne da ruwan magani a ciki, mai guba, ko kaza ba ma bari ta zo kusa. Sai batirin mota da waya biyu. A waya ɗaya a rataya zobba, a ɗayar a rataya fallen azurfa. Fallen yana cinyewa a hankali yana komawa jikin zobban. In an tsamo su Baffa yakan ɗan nuna musu wuta ya bar su cikin toka su huce, ya ce haka ruwa yake kamawa.

Duk aikin ni nake yi, zubi da guga da haɗa waya, banda abu ɗaya. Azurfa tana cikin gwangwanin Baffa, shi kaɗai ke buɗewa, shi ke ratayawa da bismillarsa. Haka mahaifinsa ya yi masa har ya rasu. Ban taɓa sa yatsa cikin gwangwanin nan ba, kuma duk maƙeran layinmu sun san haka.

Na ɗan kankare gefen zoben Malam da magagari. Masu cewa ruwan ne ya goge tagulla ta fito ba su duba ba. Tagullarmu rawaya ce, tana can ƙasa. Ruwan yana da kauri sosai. Jan a jikin ruwan yake, kuma ya fi yawa ta waje inda ake gogawa. Ta ciki, inda yake manne da yatsa, har yanzu fari-fari ne.

Litinin, Azahar

Baffa ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Na goge tabarmar.

Laraba, da yamma

Alhaji Badaru ya zo daga Kongolam a kan babur. Shi ke saran zobbanmu yana tsallakawa da su Nijar. Tun daga bakin layi ya fara.

"Maliki! Ni kayan maza na sara ko kayan lefe?"

Ya zazzage jaka a kan tabarma. Wasu farare, wasu sun fara ja daga gefe, wasu sun gama.

Ya ce, "Wani Buzu ya riƙe mini riga a kasuwa, wai matarsa ta ƙwace zoben ta ce da ma nata ne ya ɓoye. Na ce masa ai sai ya gode, na sama masa zaman lafiya a gida."

Maƙwabta suka yi dariya, har Baffa ya ɗan murmusa. Sai Alhaji ya rage murya, ya matsa kusa da Baffa, amma ni yake kallo.

"Tsakani da Allah, ka tabbata azurfarka tana zuwa inda kake aika ta? Yaran yanzu idonsu a buɗe yake."

Baffa ya ce, "Da hannuna nake ratayawa."

"To bayan ka rataya ka tafi masallaci fa?"

Ina zaune ina zuga wuta. Na ci gaba da zugawa, alhali babu komai a wutar.

Alhamis, bayan Azahar

Da safe na tace ruwan bokiti don in ga gindinsa. Na ciro wayar da ake rataya azurfa. Abin da ke jikinta ya yi baƙi, duk ramuka, na ɗan lanƙwasa shi sai ya karye kamar busasshen ganye. Azurfa ba ta haka. Azurfa ko ta cinye ta yi siriri lanƙwasuwa take yi.

Tutiya ce. Na gane ta saboda ni nake yanko ta daga ɓawon tsofaffin batiran rediyo, in wanke, in miƙe ta falle-falle, muna sa kaɗan a haɗin liƙi. In na gama sai in ba Baffa ya adana. A gwangwani ɗaya yake sa su da azurfa. In fallen azurfa ya sha aiki ya yi siriri, shi da na tutiya kusan nauyi ɗaya ne a hannu, balle hannun da wuta ta gasa shekara da shekaru. Ido ne kawai yake raba su.

Na daɗe a tsugune da guntun nan a hannuna.

Da Baffa ya dawo na sa masa a tafi. Ya murza, ya karya, ya sunsuna.

Ya ce, "Wa ya sa mini wannan a ruwa?"

Na ce, "Baffa, ni ba na taɓa wayar nan."

"Na san abin da na rataya."

"To."

"To me?"

"Babu komai, Baffa."

Ya jefa guntun cikin toka. Daga nan har muka rufe rumfa bai sake yi mini magana ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Maganar ta riga ni fita layi. Ban san wa ya kai ta ba, rumfa ba ta da bango.

Na tsaya wurin Auta mai shayi, sai ya ɗaga ludayi ya ce, "A'a, Zakiyyu sarkin rini! Ka riƙa sa hannun nan a aljihu fa, zamani ya canja, yanzu hannu tsada gare shi."

Aka fashe da dariya. Wasa yake yi, tare muka tashi. Amma wani dattijo da ke zaune a benci bai yi dariya ba, ya janye jakarsa ya ɗora a cinya.

Na sha shayin har ƙarshe don kada a ce na gudu.

Asabar, da hantsi

Babu aiki. Na wanke bokiti.

Lahadi, bayan La'asar

Tun da babu mai kawo aiki, sai na zauna da zobban Alhaji Badaru ina jarraba su. Na ɗauki ɗaya da ya gama ja na ɗora a gefen garwashi, ba cikin wuta sosai ba, sannan na tura shi cikin toka na manta da shi na tafi sallah. Da na dawo na tono shi, fari tas, kamar ranar da aka yi shi.

Na zaci idona ne. Na sake da wani, haka. Sai na ɗauki fari na gasa shi da kyau na jefa cikin ruwan sanyi. Ya fito ja. Na mayar da shi wuta na bar shi ya huce a toka, ya koma fari. Na ɗauki ƙarfen da muke gugar zobe da shi na danna masa da ƙarfi na ja layi, inda ƙarfen ya bi sai ga ja.

Abu ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba, amma fuska biyu gare shi. In an lallaɓa shi fari, in an gigita shi ko an takura masa ja. Shi ya sa suka bar rumfa farare, sai da suka sha guga a hannun mutane suka juya. Azurfa ita kaɗai ba ta yin haka, tutiya ita kaɗai ma ba ta yi. Me suke yi wa juna a ciki, ban sani ba, kuma ban san wanda zan tambaya ba.

Da lokacin lafiya ne da na yi ta murna, da na kira Baffa ya gani.

Ya gani da wane ido? Allah ya kyauta.

Litinin, bayan Magariba

Inna Hadijatu ta kira ni madafa. Ita ta yaye ni daga kukan maraici, ba ta haifi namiji ba, ni ne nata. Na nuna mata farin da jan, na faɗa mata yadda ake juya su. Ta riƙe farin ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "To ai shi ke nan. Mayar da su duka farare a ba kowa kayansa."

"Za su sake juyawa, Inna."

"Kafin nan Allah ya kawo wata maganar an manta da wannan."

"In ba a manta ba fa?"

Ta ajiye muciya. Ta ce, "Zakiyyu, ka san abin da ke damunsa."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya daina gaishe da mutane sai sun fara yi masa magana."

Ta share ido da gefen zane, ta ce hayaƙi ne. Ta ce ita ke jera masa takalmi da hula wuri ɗaya kullum, ita ke faɗa masa kalar rigar da ya sa. Ta yi masa maganar asibitin ido ba sau ɗaya ba, ya ce wani abokinsa an taɓa masa ido a gida ya rasa duka, shi ba mai taɓa nasa.

Ta ce, "In maƙera suka ji, za su ɗaga shi daga kujerar nan. In ya zauna a gida ba zai kai baɗi ba, na san mijina. Kar ka faɗa, don girman Allah."

Na ce, "To ni fa, Inna?"

Ta ɗauki muciyarta. Ta zuba mini tuwo ya fi na kullum yawa.

Talata, Azahar

Alhaji Badaru ya aiko wai in mayar da su farare zai shigar da su can cikin Nijar inda ba mai dawowa. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi.

Laraba, da yamma

Baffa ya daina ce mini yaro. Zakiyyu kawo ruwa, Zakiyyu rufe ƙofa. Ban san sunana yana da nauyi haka ba.

Alhamis, bayan La'asar

Na kai wa Malam Nu'uman zobensa. Na riga na mayar da shi fari, yana aljihuna a naɗe. Na zauna can baya har ɗalibai suka watse.

Da ya ga zoben fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdulillahi, ashe da gaske datti ne. Na so in ɗauki alhakin mutum."

Ya sa shi a yatsa. Da na yi sallama a lokacin na tafi, da shi ke nan.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni shi."

Na fito da ƙarfen guga na ja masa layi a gabansa. Ja ya fito. Ya dubi zoben, ya dube ni.

Na ce, "Ba azurfa ce tsantsa ba. Tutiya ta shiga ruwan. Zan iya sa shi ya yi fari, amma ba zan iya sa shi ya zama abin da aka yi maka alkawari ba, sai an kankare an sake."

"Kai ka sa tutiyar?"

"Ban sa ba."

"Ka ɗauki azurfar baffanka?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"To wa ya sa?"

Na yi shiru. Ya jira. Mutum ne mai iya jira, amma ni ma na iya.

Can ya ce, "Shirun nan naka akwai wanda kake yi wa." Bai ƙara tambaya ba. Ya ce maganar ta riga ta wuce hannunsa. Mahdi dillalin shanu, ɗaya daga masu zobban, ya kai ƙara wurin Baba Ya'u, babban maƙeran layinmu. Dattawa za su zauna ranar Asabar ta sama. In ba a gano bakin zaren ba, Mahdi ya rantse sai gaban alƙali, kuma ba ha'inci zai ce ba, sata zai ce.

Ya ce, "Zan zo. Amma ka sani, rufa wa mutum asiri daban, ɗaukar sunan ɓarawo daban."

Asabar, da hantsi

Babu aiki. Na wanke bokiti, ko da yake babu abin da ya ɓata shi.

Litinin, Azahar

Wata mata ta turo a karɓo mata awarwaronta da ta kawo gyara, wai ta fasa.

Laraba, bayan Asuba

Yau na riga lokacina zuwa rumfa. Tun daga waje na ji ƙara, ƙaramar ƙara, a yi a tsaya, a yi a tsaya. Na leƙa ta tsakanin zana.

Baffa ne zaune shi kaɗai, gwangwani a buɗe a cinyarsa. Yana ɗaukar falle ɗaya ya sake shi a kan uwar maƙera ya kasa kunne. Tutiya in ta faɗi ƙararta a mace take. Ya ɗauka, ya saki, a mace. Ya ɗauki wani, a mace. Sai ya saki wani ya yi ƙara siririya mai tsawo.

Ya sake sakinsa. Ya sake. Sannan ya riƙe shi a hannu ya zauna kamar an dasa shi.

Wannan fallen ne ya kamata a ce ya narke a bokiti tuntuni.

Na koma da baya a hankali, na zagaya layi, na dawo ina tari tun daga nesa. Na tarar ya rufe gwangwanin. Na gaishe shi, ya amsa. Na jira duk yini. Bai ce komai ba.

Alhamis, da yamma

Bai ce komai ba.

Juma'a, bayan La'asar

Gobe ne.

Na juya maganar ta kowane gefe. In na ce ni na rataya bisa kuskure, kowa ya san ba na taɓa wayar, sai a ce to ina azurfar, shi ke nan na zama abin da Mahdi ya ce. In na faɗi abin da na gani, na tsaya gaban dattawa na tuɓe wa Baffa riga. Mutumin nan lokacin da narkakkiyar tagulla ta zubo mini a ƙafa, a kafaɗa ya ɗauke ni har asibiti, yana tafe yana zagina yana kuka.

Zan ce ban sani ba. Ƙarya ce, amma ita ce ƙaramar.

Inna ta wanke mini farar rigata ba tare da na ce ba. Na daɗe ina kallon hannuna na dama. Ba wai na yarda za a kai can ba, Malam ya ce abin ba haka yake da sauƙi ba. Amma ko ba a taɓa hannun ba, wa zai sake ba shi azurfa ya riƙe?

Asabar, bayan Magariba

A zauren Baba Ya'u aka zauna bayan Azahar. Dattawan maƙera a kan buzu, masu zobba a jikin bango, Malam Nu'uman a bakin ƙofa. Alhaji Badaru ma ya zo, yau ba wasa a bakinsa. Ni aka sa a tsakiya. Baffa yana gefen Baba Ya'u, sa'o'in juna ne, tare suka koyi zuga.

Mahdi ya yi magana mai tsawo. Ya ce a kasuwar shanu an mayar da shi abin dariya, ana ce masa amarya. Ya ce tsohon nan shekara nawa yana aiki ba a taɓa jin kansa ba sai da ya yarda da ɗan riƙo.

Baba Ya'u ya ce, "Zakiyyu, wa ya rataya tutiya a ruwan?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ku nawa ne a rumfar?"

"Mu biyu."

"Kai ne?"

"Ba ni ba ne."

"To kana nufin Maliki ne?"

"Ban ce ba."

Mahdi ya ce, "Ku bar shi, gaban alƙali zai sani." Aka fara ƙananan maganganu. Ban dubi inda Baffa yake ba.

Baba Ya'u ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ɗauki zobe biyu daga tabarma, fari da ja, ya ajiye a gaban Baffa. Ban san ko da gangan ya yi ba, har yanzu ban sani ba.

Ya ce, "Maliki, kai ne mai aikin. Dubi waɗannan ka faɗa mana abin da ka gani, mu mun tsufa a baƙin ƙarfe."

Baffa ya laluba ya ɗauka, ɗaya a kowane hannu. Ya kai su kusa da fuska. Ya juya wajen hasken ƙofa. Na san zai iya cewa komai, duk abin da ya faɗa a zauren nan ba mai musa masa.

Ya ce, "Ya'u, wanne ne jan?"

Baba Ya'u ya ɗago kai ya dube shi.

Baffa ya ce, "Tambayarka nake. Wanne ne jan? Tun ranar da Malam ya kawo nasa nake jin ana cewa ja, ja. Ni ban ga ja ba. Tun bara ban ga fari ba ma, hazo nake gani."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin. Ya miƙa shi wajen da yake zaton ina zaune, ya karkata wajen Mahdi. Mahdi ya janye jiki.

"Yaro, karɓi. Buɗe ka faɗa musu abin da ke ciki."

Na rarrafa na karɓa. Da ƙyar murfin ya buɗe. Na zazzage a tabarma, fallayen tutiya, da na azurfa guda a tsakiyarsu. Baba Ya'u ya ɗauka ya duba ya miƙa wa na kusa da shi, aka yi ta miƙawa har ya zagaya.

Baffa ya ce, "Ga azurfar da aka ce ya sace. Ni na rataya tutiya da bismillata. Na gane tun Laraba na yi shiru, na bar shi ya zo nan ya zauna a tsakiya. Wannan ma ku rubuta a kaina."

Baba Ya'u ya ce, "Ai da ka faɗa mana, Maliki."

"Da kai ne za ka faɗa?"



Abin da aka yanke: za a kankare zobban duka a sake musu ruwa, kuma Baffa ba zai ƙara zuwa kusa da bokitin magani ba. Baba Ya'u ya faɗa a hankali yana kallon ƙasa. Malam Nu'uman ya yi addu'a. Mahdi ya zo ya ce mini, "To, ai ka ga yadda abin ya yi kama," na ce na gani. Alhaji Badaru ya kama hannuna ya riƙe.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Inna ta shige ɗaki tun da labari ya iso, ba ta fito ba.

Lahadi, da hantsi

Baffa bai zo rumfa ba. Na share wurin zamansa, na rasa inda zan zauna, na zauna a nawa.

Talata, Azahar

Bai fito ko zaure ba. Abincin da aka kai masa ya dawo. Inna ta dube ni, na dube ta.

Alhamis, daga tasha

Jiya Malam Nu'uman da Baba Ya'u suka shiga wurinsa suka daɗe. Ban ji abin da aka ce ba, na dai ji Baffa ya ɗaga murya, daga baya na ji Baba Ya'u yana dariya. Yau bayan Asuba sai ga shi a tsakar gida da babbar riga, ya ce Kano za mu, asibitin ido. Ya ce ba don ya yarda da su ba, don a ƙyale shi ne.

Na ce bari in samo babur. Ya ce a'a, da ƙafa. Ya ɗora hannu a kafaɗata a bakin ƙofa, muka bi ta tsakiyar layin maƙera, kowa yana rumfarsa. Guduma ta riƙa tsayawa muna wucewa. Duk wanda ya gaishe shi sai ya tsaya ya ce, "Wane ne?" da ƙarfi, a faɗa masa, ya amsa. Auta ya fito da gudu da kofin shayi, Baffa ya ce ya ba ni, ni ne nake bin Auta bashin ban haƙuri.

Na ɗan yi sauri don kada mota ta cika. Ya matse mini kafaɗa.

"A hankali, ba akuya kake ja ba."

Mun sami wuri a baya. Ana jiran mutum biyu. Hannunsa yana kan gwiwata.

Can ya ce, "Da ka faɗa mini tun ranar da ka gani."

Na ce, "Da za ka ji, Baffa?"



Ya ce, "A'a. Da na mare ka."

Kwandasta yana kiran Kano.